Rasuwar Salibar Wanet Ɗin Muntaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu baƙin mai, ni Muntaka na unguwar Mahjar nake sanar da 'yan uwa da abokan ɗaukar kaya rasuwar Saliba. Ga waɗanda ba su taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, ita ce ɗan ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke haɗa sandar farfela da ƙafafun baya na wanet ɗina, wato a-kori-kurar da nake ci da iyalina da ita. Ta rasu ranar Alhamis bayan la'asar, tana da shekara goma sha bakwai a bakin aiki.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta son a gan ta. Ta juya a zafin Jidda, ta juya a cikin ruwan da ya ci tituna, ta kai firji da katifa hawa da gangara. Ba ta taɓa tambayar iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ba. Abincinta girisi ne sau ɗaya a shekara, shi ma in na tuna.

Dole in faɗi gaskiya game da ciwonta, don ni na jawo shi. Wata Juma'a a bakin teku na ga motocin samari sun durƙusa har cikinsu na shafar kwalta, sai raina ya biya, ina da shekara hamsin da huɗu. Na gaya wa maiɗakina Tani cewa saboda ciwon gwiwa zan sauke motar ƙasa. Ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe. Bakanikenmu Abdulghaffar ya yi mini nasiha cewa in mota ta zauna, farfela za ta karkace, Saliba ce za ta sha wahalar. Na ce masa yalla, maza ya yanke sifirin ɗin motar kawai ta zauna. Ya yanke.

Sati uku na yi ina jin daɗi. Daga nan ta fara magana. In na sa giya sai ta ce ƙwas. In na ɗan taka sai ta ce gir-gir-gir, kujera na rawa har haƙorana na haɗuwa. Na kai ta warsha, wato gareji, sau huɗu. An ɗura mata girisi, an cusa 'yan ƙarafa don a daidaita mata zama, an ɗaure, an kwance. Abdulghaffar ya ce maganin ɗaya ne, a ɗaga motar ta koma yadda take. Na ƙi, na ƙara ƙarar rediyo.

Ajali ya same ta ranar da muke kai kayan ɗakin 'yata Ilham gidan aurenta a unguwar Bagdadiyya. Gado da kabad da firji suna baya, Tani na gefena, surukai na biye da mu cikin motoci uku. A kan tudun rage gudu, daf da layin angon, cikin motar ya daki ƙasa. Saliba ta ce ƙwas, ta ƙara cewa ƙwararas. Farfela ta faɗo kan titi tana ƙara kamar an yar da faranti. Halas, shi ke nan. Uban ango, dattijo mai farar riga, shi ya kama ƙafar gado, muka ƙarasa da kayan a ka. Har yanzu bai ce mini komai ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Ta rasu ta bar farfela a lanƙwashe, da tagwaiyarta ta gaba wadda ita ma ta fara tari, da tayoyi huɗu, ɗaya mai sanƙo. Ta bar ni, ba mota, ba ta cewa.

Za a wanke ta da fetur a warshar Abdulghaffar ranar Asabar da hantsi, a naɗe ta a tsohon buhun shinkafa, a raka ta tashlih, maƙabartar motoci. Bayan an dawo za a ɗaga wanet ta koma tsayin da aka ƙera ta da shi, Tani ce za ta tsaya a kan aikin. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya ce mini ai an gaya maka, domin Tani ta riga ta ɗauke wa jama'a wannan nauyi, safe da yamma.