Agogon Da Ba Ya Son Hutu

Babu wanda ya taɓa gaya mini akwai agogon da ba ya cin batir, don haka laifin ba nawa ba ne ni kaɗai.

Tun da na shiga makarantar manya na iya duba lokaci, agogo uku na kashe: biyu a ruwan wanki, ɗaya ya faɗi daga kan babur a hanyar Kazage. Da na fita takaba sai na ɗauki na marigayi maigidana, na kai wa Sabi'u mai gyara a bakin tasha ya rage mini maɗauri. Na naɗe shi a ɗankwali na ɓoye cikin kwalla, don kada ya bi 'yan'uwansa.

Bayan mako guda na buɗe, na tarar ya tsaya cak. Shi kaɗai ne kuwa abin marigayi Malam da ya rage mini.

Na figi mayafi sai tasha, ranar kasuwa kuwa. "Sabi'u, fito da batirin da ka zare! Na yi karatu, ba a cutata!"

'Yan acaɓa suka kewaye mu. Sabi'u ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya girgiza shi, ya kara mini a kunne. Yana tafiya sarai.

"Inna, motsin hannu ne abincinsa. Ke kika sa shi azumi."

Na yi hamdala a zuci, a fili kuwa na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Washegari na ɗaura shi na hau daka. Har yau in zan wuce tasha, sai 'yan acaɓa su ɗaga hannu suna girgizawa: "Inna, ya karya kumallo kuwa?"