Dillalin Shanu a Shagon Kwamfuta

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je saya wa 'yata Bilkisu kwamfuta a cikin garin Daura. Saura wata biyu ta zauna jarrabawar shiga jami'a, wadda yanzu a kwamfuta ake yi, ita kuwa sau ɗaya a mako layin taɓa kwamfuta ke zuwa kanta a makaranta. Malaminsu ya ce in hannunta bai saba ba, lokaci zai ƙare mata ko da ta san amsa.

Ni dillalin shanu ne. Shekara ashirin ina shiga kara, ba a taɓa cuta ta ba (to, sau biyu, amma wannan wani zance ne). Don haka tun a mota daga Sandamu na ja mata kunne: "In mun shiga ki bar ni da su. Kada ki nuna kina son komai."

Mai shagon ya ɗauko wata 'yar siririya mai naɗewa kamar littafi. Na ɗaga ta da hannu ɗaya, na taɓe baki. "Malam, wannan ai ba ta da ƙashi."

Na shiga zagaya shagon, hannu a baya. Mu a kara, dabba ta gari ba a gaba ake ɗaure ta ba, sai ka kutsa. Ai kuwa can ƙarƙashin tebur na hango wata baƙa, gajera, kakkaura, tana 'yar ƙara a hankali, da koriyar fitila a goshi. Na durƙusa na ƙwanƙwasa gefenta. Na gwada ɗagawa, sai da bayana ya amsa. Na ce a raina, ashe nan ya ɓoye ta manya.

Na miƙe na cafke hannunsa yadda muke ƙulla ciniki, na ɗaga murya don kowa ya ji: "Waccan nake so. Faɗi in taya!"

Wata mata da ta zo buga takarda ta toshe baki da mayafi.

"Alhaji," in ji mai shagon, yana kallon ƙasa, "wannan ba kwamfuta ba ce. Batirin shago ne, shi ke riƙe mana wuta in an ɗauke."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. (Kuma ban saki hannun nasa ba, na manta.)

Bilkisu ba ta yi dariya ba. "Baba, ko in ɗan duba waccan?"

Na gyaɗa kai. Ta buɗe siririyar nan, ta tambayi awa nawa take yi babu caji, ta ce a zare wayar cajin ta gani da idonta. Sai ta ɗora yatsu. Jama'a, ba ta ko kallon su! Rubutu na ta zuba, tsigar jikina na tashi. Can ta tsaya.

"Malam, harafin nan yana maƙalewa. Akwai wata?"

Mai shago ya gwada, ya dube ta, ya shiga ciki da sauri ya fito da wata a kwali. Ita muka ɗauka. Ni dai ina tsaye baki buɗe, ina kallon yarinyar da nake aika sayen gishiri.

Abin da na koya shi ne, shekara goma sha biyu ina tura ta makaranta, ban taɓa tambayar abin da take kawowa gida a cikin kanta ba. Sai da na durƙusa wa batir a gaban mutane sannan na sani.