Kamfanin Gyaran Kai na Darakta

"Da a ce kasuwanci mutum ne, wallahi ni zai riƙa zuwa gaisarwa kullum da safe, yana durƙusawa yana cire takalmi!"

Wannan maganar Darakta ce, mai askin layinmu. Kada sunan ya ruɗe ka, abokina, babu wanda ya naɗa shi. Shi ya raɗa wa kansa, ya yanka wa kansa ragon suna da baki. Shagonsa na jikin nawa, ni tela ne, bango ɗaya ya raba mu, don haka duk abin da zan gaya maka ba ji na yi ba, gani na yi.

Gaskiya guda, hannunsa na da kyau. In ya rufe baki ya kama kilifa, sai ka fito kamar ango. Matsalar ita ce bakin ba ya rufuwa. Gajere ne, mai tumbi, da wata suma da yake tattali kamar gonar gado, yana shafa mata mai yana taje ta a madubin da ya kamata masu aski su duba.

Wata rana cibiyar da ke tallafa wa masu ƙananan sana'o'i ta shirya mana horo kyauta. Muka tafi tare: ni, da Darakta, da ɗaya mai askin da ke tsallaken titi, wanda muke kira Shiru-Shiru saboda sai ka gaishe shi yau ya amsa gobe. Malamar da ke koyarwa mace ce mai fara'a da haƙuri, kuma ranar aka jarraba haƙurin nan.

Tana cewa, "Abu na farko a sana'a..." sai Darakta ya ɗaga hannu daga kujerar gaba.

"Na san shi, Malama. Wuce na biyu."

"To mene ne, Malam?"

"A'a, faɗa musu dai, don su amfana."

Da aka dawo daga hutun shan lemo, gogan naka ya jingina da bango ya shiga minshari. Yakan farka jefi-jefi, ya cafki rabin jimla, ya gyaɗa kai, ya koma. Kafin horon ya ƙare ma ya daina zuwa, wai zama a ajin ɓata wa ilimi lokaci ne. Amma ya ji sanarwar da ta fi masa daɗi: Malama za ta zagaya shagunan waɗanda aka horar, wanda ya fi aiki da darasi a sa masa wutar sola a shago. A layin da wuta ke zuwa kamar baƙuwa mai jin kunya, wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

"Tela," ya ce da ni, "ka fara saba wa idonka da haske. Solar nan ta riga ta san gidanta."

Matarsa, Maman Yara, ta kawo masa abinci shago ta ji zancen. Ta ce, "Baban Yara, don Allah ka tsaya a askinka. Da kilifar nan muke ci, da ita yara ke zuwa makaranta."

"Ke dai ki fara koyon zama a gidan baya na mota," in ji shi.

Rabin jimlar farko da ya tsinto ita ce, suna mai kyau yana jawo mutane. Ya sauke tsohon allonsa mai hoton almakashi, ya ɗora wani ƙato da ya kusa rufe mini taga: KAMFANIN GYARAN KAI NA DUNIYA. Washegari da hantsi sai ga wata mata ta leƙo, tana waige-waige.

"Sannu, Malam. Nan ne ake gyaran kai?"

"Nan ne, Hajiya, babban ofishi ma kuwa!"

"Alhamdu lillahi. Mijina ne, taurin kai gare shi kamar dutsen niƙa. Kwantar da shi za ku yi, ko magani za a ba ni in tafi da shi?"

Na kusa ɗinke yatsana don dariya. Shi kuwa ya shigo wurina yana murmushi. "Ka gani? Har mata sun fara zuwa. Kasuwa ta faɗaɗa."

Rabin jimla ta biyu: shugaba ba ya yin komai da hannunsa, raba aiki yake yi. Malama ta ƙara da cewa sai ka koya wa mutum aikin kafin ka ba shi, amma a wannan gaɓar Darakta yana ƙasar mafarki. Ya raba shagon biyu da labule, ya kira bayan labulen ofis. Ya rabu da kilifarsa mai caji, wadda ke ceton sa in an ɗauke wuta, ya yi musayarta da wata kujera mai juyi da ke kuka kamar akuya in an zauna. Sannan ya ɗauko ƙanin matarsa, Dogo, ya ce shi ne Manajan Sashen Aski.

Dogo mutumin kirki ne, magidanci, mai tsayi kamar falwaya. Sana'arsa gyaran shingen furanni a gidajen masu hali. A rayuwarsa bai taɓa aske ko da ɗan tsako ba.

"Yaya, ni fa ban iya ba," in ji Dogo.

"Shinge yana tsiro?"

"Yana yi."

"Gashi fa?"

"Shi ma."

"To ina bambancin? Wannan ma ba ya da ƙaya. Ɗauki kilifa!"

Rabin jimla ta uku ita ta ƙarasa aikin: ka jawo sababbin mutane da kyauta. Ya ji labarin Malama na tafe ƙarshen mako, sai ya yo hayar lasifika ya zagaya unguwa yana shela: "Aski kyauta! Gobe aski kyauta a Kamfanin Gyaran Kai! Ka zo da kanka, mu mu san yadda za mu yi da shi!"

Ka san mutanenmu da banza. Gari na wayewa layi ya kai bakin famfo. Darakta na bayan labule yana juyi a kujera, ƙiiii, ƙiiii, yana ba da umarni. Dogo ya yi bismilla ya hau aiki.

Na farko ya fito da kai mai kusurwa huɗu kamar akwatin talabijin. Na biyu aka yi masa hawa-hawa kamar matakalar bene. Mai gyaran rediyo, Dogo ya bar masa wani ɗan tsibiri a tsakiyar ka, ya ce wurin ya yi kyau ne, bai ga dalilin sare shi ba. Kuma da yake an ɗauke madubin an kai ofis, babu wanda ya san abin da ya same shi sai ya fita waje ya ga yadda ake kallonsa. Na cikin layi kuwa kowa cewa yake, ai shi zai yi wa Dogo bayani sosai. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma ba a faɗi haka ranar kyauta ba.

Sai ga Kawun Darakta, dattijo mai gemun da ya yi shekaru yana reno. Ya ce a ɗan daidaita masa gefe kawai. Dogo ya rage dama, ya ja baya ya kanne ido, ya ga hagu ya fi. Ya rage hagu, dama ta fi. Haka ya yi ta sasanta su har gemun ya koma kamar na ɗan bunsuru. Kawu ya shafa haɓa, ya ji iska inda bai saba jin ta ba.

"Ina ɗan banzan yaron nan?" ya daka tsawa, ya yaye labule.

"Kawu, a yi haƙuri, koke-koke sai an bi ta hannun Manaja."

Sandar Kawu ce ta bi ta hannun Darakta, da kafaɗarsa.

Duk wanda ya fito, sai ya dafe kai ya tsallaka titi wurin Shiru-Shiru. Shi ko ba abin da zai iya cetowa a irin wannan ɓarna, sai dai ya kwashe saura. Kafin la'asar babu namiji mai gashi a layinmu in ban da ni da na ƙi zuwa, da Darakta mai gonar gado. Ko'ina ka duba ƙwalƙwal, rana na wasa a kawunan mutane kamar an jera kwanonin silba.

Ranar zuwan Malama, shagon Darakta ko ƙuda bai leƙo ba. Wa zai zo? Da wane gashin? Hankalinsa ya tashi, ya bi mutane gida-gida yana magiya. Ya yi alkawarin cajin waya kyauta har abada in sola ta zo. Ya durƙusa wa Kawu. A ƙarshe ya samu 'yan tsiraru suka cika benci, bisa sharaɗi guda: kowa ya zo da hula, ya ja ta har kunne.

Malama ta iso da mai ɗaukar hoto. Darakta ya tare ta cikin kwat a wannan zafin, yana zuba kamar famfon da ya lalace.

"Kin gani da idonki, Malama. Kullum haka muke, ba masaka tsinke. Ina tunanin buɗe reshe a ƙasashen waje."

"Masha Allah," in ji ta. "To bari mu ga aiki. Baba, kai ne a gaba ko? Bismilla."

Kawu ya dubi Darakta, ya yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskar dattijo ba. Ya sa hannu ya cire hula a hankali. Kai tal, kamar ƙwan da aka ɓare.

Malama ta matsa gaba. "To... na kusa da shi fa?"

Mai gyaran rediyo ya cire tasa. Na gaba ya cire. Haka suka bi layi, kai bayan kai, har mai hoto ya ce a ɗan rufe ƙofa, haske ya yi masa yawa.

"Malam Darakta," in ji Malama, tana danne dariya da gefen mayafi, "waɗannan me za a aske musu?"

"Ai... ai wannan shi ake kira riƙe abokin ciniki, Malama. Ko ba gashi suna zuwa. Sabo ne."

"Madalla. Amma ina so in ga askin da ake yi a kamfanin nan."

Idonsa ya faɗo kaina. Na ce ina da ɗinkin gaggawa, na ja baya na tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi mai hoto, mai hoto ya rungume kyamararsa. Sai Kawu ya nuna da sanda. "Ga gashi nan a kanka, kamar ciyawar damina. Zauna Manaja ya gwada mana."

An ce wanzami ba ya son jarfa. Darakta ya zauna a kujerar aski kamar wanda za a cire wa haƙori. Ya raɗa wa Dogo, "Kaɗan, ka ji? Gefe-gefe. Ka tuna 'yar'uwarka nake aure."

Dogo ya kunna kilifa. Ya ɗora ta a goshi, ya tura ta gaba ɗaya har ƙeya, ya buɗe titi mai faɗi a tsakiyar gonar gado. Ya koma zai kwashe ɓangaren dama, ya kai rabi, sai ƙit, aka ɗauke wuta.

Kilifa ta mutu a hannun Dogo.

"Ba komai," in ji Malama. "Ɗauko mai caji ku ƙarasa."

Kowa ya juya ya dubi labule. Sai kujerar bayan labule, da mai gyaran rediyo ya samu ya hau, ta ce ƙiiii.

"Kada ka damu, Yaya," in ji Dogo, "na zo da kayan aikina." Ya sunkuya ya zaro almakashin shinge daga buhu, mai tsawon hannu, ya gwada shi a iska, ƙyas, ƙyas.

Ban san mai tumbi na iya gudu haka ba. Darakta ya yi waje da zanen aski ɗaure a wuya yana kaɗawa kamar tuta, rabin kai daji rabin kai fili, masu ƙwalƙwal na biye da shi suna tafi, mai hoto na bin su duka. Maman Yara na tahowa da kwanon abinci, ta gan shi, ta juya kamar ba ta taɓa saninsa ba. Bai tsaya ko'ina ba sai shagon Shiru-Shiru.

Shiru-Shiru bai ce uffan ba. Ya nuna masa benci, don akwai mutum a kujera, baƙo daga wata unguwa. Darakta ya zauna a layi kamar kowa. Malama ta shigo ta duba shagon: tawul a wanke, kilifa a caje, ana tsoma reza a ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Ta yi 'yan tambayoyi, ya amsa da kalma ɗaiɗai, ta gyaɗa kai. Kowa ya san inda sola ta nufa.

Da layi ya zo kansa, Shiru-Shiru ya kwashe abin da ya rage na gonar gado, ya shafa masa man sanyi, ya kakkaɓe masa wuya. Darakta ya miƙe, ya gyara kwat, ya tattaro ɗan guntun girman da ya rage masa. Ya sa hannu a aljihu yana magana da ƙarfi don Malama ta ji.

"Faɗi ladanka, yaro. Mu manyan 'yan kasuwa muna son ƙarfafa wa ƙanana gwiwa."

Shiru-Shiru ya riƙe masa hannu. Ranar ce na fara jin ya yi doguwar magana.

"Haba, Darakta, mayar. Ma'aikatanmu kyauta muke yi musu. Tun da na buɗe shagon nan ban taɓa samun ɗan talla irinka ba. Yaushe za ka sake yin na kyautar, in ƙaro benci?"