Sanarwar Rasuwar Shafin Hotunan Maman Takwara

"Mama, tunda shafin ya mutu da Kaka a ciki, ta mutu sau biyu ke nan?"

Takwara ce ta yi tambayar, 'yar shekara biyar, tana fama da igiyar takalmin makaranta. Uwarta ta durƙusa ta ɗaure mata igiyar, ta raka ta bakin titi, ta dawo ta zauna rubuta wannan sanarwa.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, in dai wannan shirun da ya zauna mata a ƙirji shi ne baƙin ciki, Maman Takwara mai ɗaukar hoto, a madadin maigidanta da 'yarta da ƙanwarta Auta, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da masu kawo mata aiki rasuwar shafinta na intanet, inda take baje hotunanta. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan jinyar wata uku da ba wanda ya san yana yi. Sa'an Takwara ne, wata biyu kacal ta girme shi.

An haifi marigayin a falo, a kan teburin guga. Maman Takwara na goye da jaririya, Auta kuma, wadda ke jami'a a lokacin, na riƙe da kwamfuta. Shafuka uku suka duba. Na farko kowane wata sai an biya shi. Na biyu mai araha ne, sau ɗaya a shekara, har zai ba mutum adireshi da sunansa. Na uku kyauta. Mai jego da ke sayen madara da sabulu ba ta daɗe tana tunani ba. Da aka nemi imel, ta rasa kalmar sirrin nata, jaririya kuma ta fara kuka, sai Auta ta saka nata na makaranta, da cewa za a canja daga baya. Ba a canja ba.

Shaidar da za a yi wa marigayin mai kyau ce. Bai taɓa tambayar ta ko sisi ba. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ya ɗauki hotunan jarirai masu barci cikin kwando, da 'yan makaranta masu giɓi, da amaren da suka ce a rage musu kumatu, da kayan wani mai takalma da ya nace sai kowace ƙafa ta fito ita kaɗai. Ta dalilinsa mutanen da ba su taɓa ganin fuskarta ba suka kira ta aiki. Aibinsa kaɗan ne. Yakan rataya tallan wasu a gindinsa, har da na maganin tumbi a ƙarƙashin hoton amarya. Wani lokaci kuma sai ya kai kashi casa'in da tara na ɗora hoto ya tsaya cak, ɗan zobensa na ta juyawa, har abinci ya kama a tukunya. Amma in ya gama, sai ya ce "ting", ƙarama, mai ladabi. Wannan ting ɗin ita ce duk maganarsa a duniya, kuma Maman Takwara ta yarda da ita fiye da yadda ta yarda da mutane da yawa.

Katin kyamara ɗaya gare ta, kwamfutarta kuma tsohuwa ce, ba ta da wurin ajiya. Don haka ta saba wa kanta da hanya guda: ta dawo daga aiki, ta ɗora, ta ji ting, ta goge katin tas don aikin gobe. Shekara biyar a haka. Tagar kanti ce aka ba ta aro, ita kuma ta mai da ita ɗakin ajiya.

Ciwon ajali ya fara a hankali. Shafin ya yi nauyin buɗewa. Wani ɗan zirin rubutu mai ruwan ɗorawa ya riƙa fitowa a samansa, ita kuma ta riƙa kore shi da yatsa kamar ƙuda, a zatonta talla ce. Ashe masu shafin ne ke cewa za su rufe ɓangaren kyauta, kowa ya kwashe kayansa cikin kwana casa'in. Sun aiko da wasiƙa har sau uku, ba za a yi musu ƙarya ba. Duka ukun sun tafi akwatin imel ɗin Auta na makaranta, wanda aka rufe tun shekarar da ta gama.

Ranar Talatar, wata mai ɗinki ce ta zo shago tana son ganin irin aikinta kafin ta ba ta kaya. Maman Takwara ta juya mata kwamfuta, ta danna. Fari fat, sai layi ɗaya a tsakiya: "Babu wannan shafi." Kalmominsa na ƙarshe ke nan. Ta sake dannawa sau shida. Ta ba mai ɗinkin haƙuri, ta raka ta ƙofa, ta share shago, ta goge gilashin kyamara wanda dama ba shi da datti. Ta rubuta wa masu shafin. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, da ladabi ƙwarai, cewa an riga an goge komai. Har yau ba ta yi kuka ba. Tana cin abinci, tana wanki, tana amsa gaisuwa. Maigidanta ya fi son ta yi kukan.

Marigayin ya rasu ya bar kyamara ɗaya, da kati ɗaya wanda babu komai a cikinsa, da adireshinsa rubuce da shuɗin fenti a ƙofar shago, da kwali guda na katin talla da ba a raba ko rabinsa ba. Ya bar Auta, wadda ta kwana biyu ba ta iya haɗa ido da yayarta, alhali ba wanda ya ɗora mata laifi. Masu kawo aiki kuwa su kwantar da hankalinsu, kowa an ba shi nasa tun a lokacin.

Waɗanda suka tafi tare da shi hotuna goma sha ɗaya ne. Na Kaka ne, mahaifiyar Maman Takwara, riƙe da jikar da aka sa wa sunanta, wata uku kafin ta rasu. A ɗakinta aka ɗauka, kusa da taga, da safe. A na bakwai jaririyar ta kama mata tabarau, Kaka na dariya har ana ganin haƙorinta da ya karye. Babu wani hoto a duniya da su biyun suke tare sai waɗannan.

Za a tambaya me ya sa babu su a wayar kowa. Amsar ita ce Maman Takwara ta hana. Tun ranar da ta haihu ta ce fuskar 'yarta ba za ta yi yawo a wayoyin mutane ba. Ta kulle hotunan a wani lungu na shafin mai kalmar sirri, ita kaɗai ta san ta. Goggo ta roƙa, ta hana. Yayanta ya yi fushi har na wata guda, ta hana. Duk mai son gani sai ya zo falo, ta buɗe masa, ta tsaya a kansa, ta rufe. Ta tsare su daga kowa, kuma ta tsare su da kyau.

Ba za a ce Allah ya jiƙan marigayin ba, tunda ba shi da rai. Mai wannan addu'a a bakinsa ya yi wa Kaka.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a ƙofar shago, inda mai fenti zai shafe adireshin. Katunan talla za a ba Takwara ta yi zane a bayansu. Wanda zai gaje shi an riga an zaɓa: mai arahar nan ne na shekara-shekara, da imel ɗin Maman Takwara na kanta, kuma aikinsa nuni kawai. Asalin kowane hoto zai zauna a filas biyu, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ɗaya a shago, ɗaya a gida, kuma ba za a sake goge kati ba sai an gan shi a duka biyun.

Za a karɓi ta'aziyya a falo daga ranar har mako ya zagayo. Kada a kawo abinci. A zo da wayoyi, har da tsofaffin da ke cikin durowa masu fasasshen gilashi. Idan akwai wanda ya taɓa faƙar idonta, lokacin da ta shiga kicin ko ta juya ɗauko ruwa, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton allon kwamfutar a sace, to ya fito. Ko ya karkace, ko ya yi duhu, ko da hasken taga a kai. Ba za a yi masa faɗa ba. Zuwa yau an tambayi mutum tara, duk sun rantse sun bi umarninta.

Kai kuma mai karatu, ke kuma mai karatu, musamman mai ɗan ƙaramin yaro da tsohuwa a gida: kafin ki ajiye wannan takarda, duba da imel ɗin wa aka buɗe shafinki, ki karanta ɗan rubutun da kike korewa da yatsa. Hoton da ba za ki iya sake ɗauka ba, ki wanke shi a takarda yau, ki ba mutum ɗaya da kika yarda da shi ya ajiye. Kada ki bari sai Asabar.