Mai-Tabo Ta Rasu a Bokitin Goge Ƙasa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, amma ba da sunkuyayyen kai ba, nake sanar da rasuwar wayata, Mai-Tabo, wadda ta gamu da ajalinta saboda na ce wa Manaja, "Ba zan rubuta ba."

Ga yadda abin ya faru. Kamfanin da nake wa aiki yana sayar da kwaɗon ƙofa na zamani, wanda ake buɗewa da waya. In intanet ta ɗauke sai ya ƙi buɗuwa, mai gida ya tsaya a ƙofarsa kamar baƙo. Da ƙorafi ya yi yawa, aka kafa mana doka: kowace safiya kowa ya fito da wayarsa, ya ari suna, ya shiga shafin kamfani ya yabi kwaɗon. Akawunmu mai gemu ya zama bazawara mai godiya. Sakatariya ta zama tsohon soja da barci ya dawo masa. Ni kuwa ni ke ɗaga kiran masu ƙorafi. Ni na ji muryar matar da ke tsaye a waje, jaririnta na tsala kuka a ciki. Na ƙi.

"Digirin nan ne ke ruɗar ki, 'yammata," in ji Manaja. "Miƙo tsohuwar wayar, ni zan rubuta miki."

Na riƙe, ya fizge. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ya sake ta cikin bokitin goge ƙasa.

"Ayya, ta suɓuce," ya ce.

Ofis ya yi dariya, kowa gwargwadon tsoron da yake wa albashinsa.

Marigayiya ba kyakkyawa ba ce, tabo ya raba fuskarta biyu. Ba ta da sauri. Takan ɗau zafi, takan yi ƙarar tirrr in caji ya kusa ƙarewa. Amma ita ta raka ni har na gama jami'a, kuma ba ta taɓa yabon abin da bai cancanta ba. A cikinta kaɗai saƙon murya na ƙarshe da Baba ya turo min kafin rasuwarsa yake: ɗan tari, sannan, "'Yar boko, kin ci abinci kuwa?" Sakatariya ta san da shi, don na taɓa kunna mata. Ita ta fi kowa dariya.

Mai-Tabo ta yi jinya a cikin kwanon ɗanyar shinkafa ko za ta tsotse ruwan, Mama na leƙa ta safe da yamma. Marigayiya ta buɗe ido fari fat, ta rufe, ba ta sake ba. Mai gyara ya kwance cikinta, ya shinshina, ya ce, "'Yar'uwa, sai haƙuri. Har ruwan sabulu ta sha. In za ki jefar, ki bar min murfin."

Ta rasu ta bar caja wadda ba ta aiki sai an lanƙwasa wuyanta, da rigar roba da ta koɗe, da uwar ɗakinta wadda yanzu take da lokaci mai yawa.

Za a yi mata sutura da ƙyallen goge tabarau, a kwantar da ita a durowar ɗakina, tsakanin takardar digiri da takardar sallama daga aiki. Abokan aiki kada su wahalar da kansu da zuwa, ko da sunan aro. Kada kuma a turo ta'aziyya ta waya, babu inda za ta sauka.

Manaja ya aiko direbansa, wai in na dawo na yabi kwaɗo zai saya min sabuwa. Mama ta jira direban ya juya ta ce, "Taurin kan ubanki kika kwaso, ba ki rage komai ba." Ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa, na ji tana fyace hanci.

Ban rubuta ba, kuma ba zan rubuta ba. Abin da hakan ya ci min shi ne aikina, da wayata, da muryar Baba.