Kwamfutar da Ta Ƙi Ganin Rawar Hajiya Laure

Wannan a gabana aka yi shi, a shagon Tanimu mai gyaran kwamfuta da ke Sabon Garin Zariya, ranar da na kai masa tawa da ta daina kama caji. Muna zaune a benci mu da wasu masu jira, ana ta musun ƙwallo, sai ga Suwaiba mai ɗaukar bidiyon biki ta shigo rungume da kwamfutarta, ido ya raina fata. A bayanta akwai Hajiya Laure, wata dattijuwa mai sayar da atamfa da duk unguwar ke shakkar bakinta, ta damƙe jakarta da hannu biyu kamar za a ƙwace.

Ashe Hajiya ce ta aurar da autarta, aka yi wunin mata zalla, ƙofa a rufe, ko makaɗi namiji ba a bari ya shiga ba. Shi ya sa ma aka ɗauko Suwaiba. To a wunin nan, da kiɗan ƙwarya ya yi daɗi, Hajiya ta ajiye mayafi, ta ɗaure ɗamara, ta cashe son ranta. Tun daga ranar mata ke ba mazajensu labari a gida, kuma babu namijin da ya gani da idonsa. Hajiya ta gindaya wa Suwaiba sharaɗi cewa bidiyon nan kwafi ɗaya za a yi, kada ya shiga wayar kowa. Ita kuwa Suwaiba, don tsoron Allah da tsoron Hajiya, ta zuba shi a faifan ajiya, irin ɗan akwatin nan da ake jona wa kwamfuta da waya, ta kulle shi da lambar sirri.

Da safiyar ranar da za a zo karɓa, kwamfutar ta nemi a sabunta ta. Suwaiba ta danna mata. Kwamfutar ta gama, ta mutu, ta tashi, aka jona faifai, sai ta yi kamar ba ta taɓa saninsa ba. Ɗan hasken jikinsa na ƙiftawa, amma a allo babu shi babu labarinsa. Ga 'yan'uwan Hajiya mata da suka zo daga Maraɗi sun ce ba za su hau mota ba sai sun ga kansu a bidiyo. Hajiya ta ce faifan ba zai bar idonta ba, ta jefa shi a jaka ta biyo Suwaiba har shago.

Tanimu ya iya aiki, wannan ba a ƙwace masa ba, sai dai Allah ya zuba masa son jin ƙwaƙwaf. Yana jin abin da ke cikin faifan na ga ya gyara zama. Hajiya ta miƙa masa faifan, ya canza wayar da ake jona shi da ita, shiru. Ya canza ramin da ake jonawa, shiru. Ya jona wani faifan nasa marar kulle, kwamfuta ta gan shi nan take. Suwaiba ta fara sharar hawaye, tana cewa sunanta ya ɓaci a garin nan, babu mai sake kiranta biki. Gaskiya ta ba ni tausayi.

Tanimu ya buɗe wani baƙin allo, ya yi 'yan rubuce-rubucensa, ya gyaɗa kai, ya ce mata ta kwantar da hankali, faifai lafiyarsa ƙalau. Wai akwai wani abu da ake kira kanel can cikin manhajar kwamfutar, shi ne ke gane duk abin da aka jona wa kwamfuta. Sabuntawar da ta yi ta kawo sabon kanel, shi kuma ya zo babu sashen da ke gane irin wannan kulle.

Hajiya ta ce, "Kai ɗan nan, yi mini Hausa."

Ya ce, "Hajiya, kamar an canza maigadi ne. Tsohon ya san faifan, sabon bai san shi ba. Amma ba a sallami tsohon ba, yana nan ciki. Shi zan taso."

Ya kashe kwamfutar, ya kunna, ya zaɓi tsohon kanel daga wani jeri da ya fito. Yana jona faifan sai ga shi ya bayyana, yana neman lambar sirri. Suwaiba ta kare da mayafinta ta shigar, faifai ya buɗe, ta yi hamdala har da ɗaga hannu sama.

A nan ya kamata a ce an gama. Amma sai Tanimu ya yi gyaran murya, ya saka fuskar ma'aikaci, ya ce a ƙa'idar sana'arsu ba a sallamar mai kaya sai an kunna bidiyon an tabbatar bai lalace ba, kuma gara a duba daga tsakiya, don nan ne ya fi samun matsala. Musun ƙwallo ya mutu murus. Wuyan kowa a benci ya ƙara tsawo. Wani mai sayar da rake da ke wucewa ma ya tsaya a bakin ƙofa, wai inuwa yake sha.

Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kan murfin kwamfutar, ta rufe ta a hankali. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya wajen Tanimu.

"Wannan sabon maigadin, wanda ya ƙi kallon faifan, ka kore shi?"

"A'a Hajiya, yana nan ciki shi ma. Sai na gyara shi tukuna."

Hajiya ta zare faifanta ta jefa a jaka, ta ce, "Kada ka kuskura ka taɓa shi. Duk shagon nan shi kaɗai aka yi wa tarbiyya: an nuna masa kayan mata, ya kawar da kai."