Tabarmar Bayan Ƙyaure

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da dokar da na kafa da bakina ta juyo ta kama ni ba. Ina da ɗan gidan abinci kusa da tasha a Ƙaura Namoda, inda motocin Shinkafi da Zurmi ke lodi. Tuwon dawa da miyar kuka, shinkafa da wake, shi ke nan jarina, da shi nake riƙe da 'ya'yana tun rasuwar ubansu.

Da tsaro ya taɓarɓare, 'yan sa-kai suka zama manyan masu cin abincina. Su suke rako motocin kasuwa, su iso da yunwa, kowa da bindigarsa a kafaɗa. Ba na ƙin su, don na san abin da suke tarewa a hanya. Amma wata rana wani ya jingina tasa a benci, ta zame ta faɗi ƙasa, tim! Ba ta tashi ba, amma jama'a sun tashi. Wata mai tsohon ciki daga Dauran ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa, miya mai zafi ta ƙona mata hannu. Daga ranar mata da fasinjoji suka ɗauke ƙafa. Sai in wuni ina kallon tuwona yana hucewa, raina a ɓace.

Sai na kafa doka: bindiga ba ta ƙetare ƙofata. Mai ita ya jingine ta a gindin dogon yaro a waje, ɗayansu ya tsaya gadi, in kai masa nasa kwanon can. Samarin suka yi ta gunaguni. Wanda ya tanƙwara su shi ne shugabansu, Kawu Labbo, dattijo mai sanyin magana, abokin farautar mahaifina tun suna samari. Ya ce musu, "Ɗiyag ga ta hi ku gaskiya. Wurin cin tuwo ba daji ba ne." Shi ya fara ajiye tasa, kowa ya bi. A hankali mata suka fara dawowa.

To, nan kaina ya kumbura. Na zama ni ce hukuma. In na ga riga ta yi tudu a kwiɓi, sai in daka tsawa daga bakin murhu. (Na taɓa sa wani malamin makaranta ya ɗaga riga a gaban mutane, ashe rediyo ce.) Har wa'azi nake haɗawa da zuba miya: mai tsoron Allah ba ya ɓoye makami inda ake cin abinci.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, ni ma tsoro nake ji, tsoro mai tsanani. Yamma na yi gabana ya fara faɗuwa. Don haka na ɗauko tsohuwar bindigar mahaifina, harba-ka-ruga, daga gida, na naɗe ta cikin tabarma, na tsayar a bayan ƙyaure. Ban iya ɗura ta ba, ban ma san ta inda ake farawa ba. Ganin tabarmar kawai ke kwantar mini da hankali.

Ranar da abin ya faru, rumfa ta cika maƙil, ana dawowa daga Kasuwar Daji. Wani sabon yaron Kawu Labbo, Sani, ya shigo da ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga. Na gano shi, na kuwa sauke masa kwandon masifa. "Kai, mi ka ɗauke ni? Makamniya? Tai ka aje ta waje, ko ka tai ka ci tuwo gidanku! Munahucci ne wanga, ɓoye makami cikin mutane!" Ya fita kansa a ƙasa, mata suna cewa, "Allah shi biya ki, Inna." Ni kuwa ina juya ludayi ina jin daɗi.

Ana cikin haka aka kira azahar. Kawu Labbo ya wanke hannu, ya yi alwala, ya waiga yana neman abin shimfiɗa. Ina tsugune ina kwasar tuwo na ji ya ce, "Bari in ari tabarmag ga taki, ɗiyata." Kafin in miƙe, kafin in ce a'a, ya riga ya kama bakinta ya girgiza, yadda kowa ke warware tabarma.

Bindigar ta mirgino ta tsaya a tsakiyar rumfa, daidai ƙafar wata tsohuwa.

Kowa ya zuba mata ido. Sani ya leƙo daga waje, ya dube ta, ya dube ni; da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina (har yau in na tuna sai in rufe fuska) shi ne, "La! Wa ya aje wagga nan?" A rumfata, a bayan ƙyaurena, a cikin tabarmata mai ɗauke da facin da na yi da hannuna.

Kunya ta rufe ni, amma abin da ya fi kunyar ciwo shi ne na san doka ta mutu. Gobe kowa zai shigo da tasa, mata su sake gudu, in koma kallon tuwo. Kalma ɗaya daga bakin Kawu ta isa.

Ya sunkuya ya ɗauke ta, ya shafa ƙotar a hankali. "Ta Mamman ce," ya ce, yana nufin mahaifina. "Ni na rako shi wurin maƙeri randa ya saye ta." Ya leƙa bakinta ya yi murmushi. "Zanzaro ya gina ɗaki ciki, har da iyali." Dariya ta ɓarke, har da tsohuwar. Sai ya rage murya ya ce mini, "Tsoro kike ji, ko? Mu ma muna ji, ɗiyata. Ba abin kunya ba ne." Hawaye suka zubo mini, ga ludayi a hannu.

Daga nan ya miƙo mini ita da hannu biyu. "Amma doka doka ce. Tai ki aje ta inda kowa ka aje tashi."

Haka na ratsa tsakiyar masu cin tuwona, rungume da bindiga kamar jaririya, na je gindin dogon yaro. Wanda ke gadi a lokacin kuwa Sani ne. Ya matsa mini wuri cikin ladabi, ya ce, "Inna, a kawo miki naki kwanon nan waje?"

Dokar tana nan har yau, ba wanda ya ƙara karya ta, mata kuma suna zuwa. Ni ce dai na rage murya. Na koyi cewa kafin ka ɗaga rigar wani, ka fara leƙa bayan ƙyaurenka, kuma in dole sai ka yi ɓoyo, kada ka ɓoye a cikin abin da Musulmi zai nema sau biyar a rana.